Tsofaffin Gwangwanayen Alewa Masu Hoton Wasanni: Gane Shekarunsu da Kare Su Daga Tsatsa

Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1960, kamfanonin alewa da biskit na Birtaniya sun yi gasar ƙawata gwangwanayensu fiye da yadda suka yi gasar abin da ke ciki. Dalilin a fili yake. Alewa takan ƙare cikin mako guda, gwangwani kuwa ya shekara talatin a kan kanta, ana ajiye allura da zare ko maɓallai a ciki, sunan kamfani na kallon kowa. Mackintosh's na garin Halifax, Sharp's na Maidstone, Thorne's na Leeds, Blue Bird na Harry Vincent, Rowntree's na York, Fry's na Bristol, Cadbury na Bournville, da masu biskit irin su Huntley & Palmers na Reading da Crawford's da Carr's, duk sun sa an buga musu gwangwanaye masu hoto. Wani kaso na hotunan nan na wasanni ne: ƙwallon ƙafa, kurket, sukuwar dawaki, farauta da karnuka, golf, tanis, dambe.

Masu hoton wasanni sun fi na furanni da na kyanwowi wuyar samu, sun kuma fi tsada, don masu nemansu kashi biyu ne: masu tara gwangwanaye da masu tara kayan tarihin wasa. Ga shi kuma yawanci yara maza aka saya wa, su kuwa ba su san lallaɓa kaya ba. Inda abu ya yi tsada, jabu da gyararre ba sa rasa shigowa. Saboda haka wanda zai sa kuɗinsa a wannan harka sai ya iya karanta gwangwani da kansa, kada ya dogara da abin da mai sayarwa ya rubuta.

Da farko a san da me aka yi shi. Jikin gwangwanin faifan ƙarfe ne siriri, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na milimita, an shafe shi ciki da waje da kuza mai matuƙar sirantaka don ta hana tsatsa. Kudancin Wales, wajajen Llanelli da Swansea, nan ne cibiyar wannan aiki. Ita kuwa kuzar daga wurare da yawa ake kawo ta, har da tsaunukan Jos, inda kamfanonin Turawa suka riƙa haƙa tun farkon ƙarni na 20 suna lodawa zuwa Ingila. Hoton kuma ba a kan gwangwani ake buga shi ba, a kan shimfiɗaɗɗen faifai ake bugawa tun kafin a yanka. A fara shafa farin fenti a matsayin shimfiɗa, sannan a bi da launuka ɗaya bayan ɗaya, kowane launi a gasa shi ya bushe kafin na gaba, a ƙarshe a rufe da man ƙyalli marar launi. Sai an gama duk wannan ake yankawa, a matse, a lanƙwasa. Shi ya sa fenti ke fara tsagewa a kusurwa da gefen murfi: tun ranar da aka ƙera shi wurin a miƙe yake.

Dabarar buga hoto a ƙarfe ta hanyar ɗauko shi daga dutse zuwa wani gangan juyi sannan zuwa faifai, Robert Barclay na Landan ne ya yi mata rajista a 1875. Kamfanin Huntley, Boorne & Stevens na Reading ya samu izinin aiki da ita a 1877, kuma da wa'adin izinin ya ƙare a 1889 sai sauran maƙera suka shigo. Daga nan launuka suka yawaita, siffofi suka bambanta. Gwangwanin wasa mai cikakken launi da aka ce ya girmi wannan lokaci, a yi masa kallon tsanaki.

Abin da hoton ke faɗa

Nan ne gwangwanin wasa ya fi sauran daɗin bincike, don dokokin wasanni suna da shekaru sanannu. A ƙwallon ƙafa, an wajabta sandar sama ta katako a 1882, kafin nan igiya ko ƙyalle ake ɗaurawa tsakanin turaku. Raga ta shigo a farkon shekarun 1890. Yadi na 18 mai kusurwa huɗu kamar yadda muka san shi ya fara a 1902, ɗan bakan da ke gabansa kuma sai 1937. Mai tsaron gida a Ingila ya fara sa riga daban da ta 'yan wasansa a 1909. Lamba a bayan riga ta bayyana a wasan ƙarshe na Kofin FA na 1933 tsakanin Everton da Manchester City, aka wajabta ta a gasar lig a 1939. Idan an zana filin Wembley mai hasumiya biyu, to ba a yi gwangwanin kafin 1923 ba.

Kofin FA kansa shaida ne mai ƙarfi. Na farkon ƙarami ne, an sace shi a 1895 daga tagar wani kanti a Birmingham lokacin yana hannun Aston Villa, aka ƙera madadinsa da siffa ɗaya. Siffar da aka sani yau, mai faɗin jiki da hannuwa biyu, ta fara ne a 1911. Zakin nan World Cup Willie kuwa na gasar Kofin Duniya ta 1966 ne da aka yi a Ingila, shi ne farkon irin wannan alama ta gasar, kuma an buga shi a kan kayayyaki iri-iri.

A sauran wasanni ma haka. Sandar golf mai ƙotar ƙarfe ba a halatta ta a Birtaniya ba sai 1929. Maza a tanis da dogon farin wando suke wasa har Bunny Austin ya fito da gajere a Wimbledon a 1933, ƙwallon kuma fara ce a can har 1986. Tseren karnuka a zagayayyen fili ya fara a Manchester a 1926.

Sai dai hoto iyakarsa ya ce "ba a yi ni kafin shekara kaza ba". Ba zai ce "ba a yi ni bayan shekara kaza ba". Masu zane suna son tuna da, musamman a hotunan farauta da na sukuwa. Mahaya masu jajayen riguna da karnuka a gabansu an yi ta buga su har shekarun 1970, kamanninsu na zamanin Sarauniya Victoria. Da yawa an sayi gwangwanin 1960 da kuɗin na 1900 saboda wannan kawai.

Abin da rubutu ke faɗa

A juya gwangwanin. Ƙasansa, gefen murfi, da bayan hinji, nan ne ƙananan rubutu suke, wani lokaci sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu.

Abu na farko sunan maƙeri. Hudson Scott & Sons na Carlisle, Barringer, Wallis & Manners na Mansfield, Barclay & Fry na Landan. A 1921 wasu daga cikin maƙeran suka haɗe, haɗakar da ta zama Metal Box Company a 1930. Ganin sunan Metal Box ko alamarsa yana tura gwangwani zuwa bayan haɗakar.

Na biyu lambar rajistar zane, wadda ake rubutawa "Rd No". Wannan tsari ya fara daga lamba 1 a 1884, ya kai wajen 351,000 a 1900, wajen 674,000 a 1920, wajen 751,000 a 1930. Lambar tana nuna shekarar da aka yi wa siffar rajista, alhali ana iya ci gaba da ƙera siffa ɗaya shekaru da yawa. Ita ma iyakar farko take bayarwa.

Na uku sunan kamfanin alewar da adireshinsa. Mackintosh's ya sayi kamfanin Caley na Norwich a 1932, don haka Halifax da Norwich a jere suna nufin bayan wannan shekara. Trebor ya sayi Sharp's a 1961. Rowntree da Mackintosh sun haɗe a 1969, shekarar da Cadbury ya haɗe da Schweppes, Nestlé kuma ya sayi Rowntree a 1988. Adireshin Landan mai lamba bayan harafi, kamar W.3, daga 1917 ne. Cikakkiyar lambar gidan waya ta zamani ba ta game ƙasar ba sai 1974.

Tambarin gidan sarauta ma agogo ne. Kamfanin da ke kai wa fada kaya yana rubuta "By Appointment to" sannan sunan mai mulki. Idan Sarki ne a tsohon gwangwani, to tsakanin 1901 da 1952. Idan an rubuta marigayi Sarki George VI, farkon shekarun 1950 ne. Idan Sarauniya mai mulki ce, ko dai kafin 1901 ko bayan 1952, kuma yanayin bugun zai raba gardama.

Sannan awo da farashi. Nauyi da "lb" da "oz" kaɗai, wato fam da oza na awon Ingila, tsohon tsari ne, giram ya fara bayyana a gefensu a shekarun 1970. Farashi da sule da kwabo, kamar 2/6, kafin Fabrairun 1971 ne. Zanen layi-layin nan na baƙi da fari da na'urar kanti ke karantawa bai shiga kantunan Birtaniya ba sai ƙarshen shekarun 1970, don haka duk gwangwanin da ke da shi, ko aka ga alamar an kankare shi, ba na dauri ba ne.

Akwai giɓi guda da ya kamata a riƙe. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an karkatar da ƙarfe da kuza zuwa kayan yaƙi, balle bayan Japan ta kama Malaya a 1942, abin da ya sa aka tilasta wa dubban mutane aikin haƙar kuza a Jos. An taƙaita sayar da alewa a Birtaniya daga Yulin 1942 har Fabrairun 1953. Ƙawataccen gwangwanin alewa na Ingila da aka ce na 1943 ne, da wuya maganar ta tsaya.

Abin da ƙarfe da tawada ke faɗa

Kayan aiki uku sun isa: ƙaramin maganaɗisu, gilashin ƙara girma sau 10 irin na masu gyaran agogo, da tocila. Maganaɗisu zai kama tsohon gwangwani. In bai kama ba, alminiyam ne ko wani abu daban. A sa ƙyalle tsakaninsa da fenti kada ya karce.

A ƙarƙashin gilashi, tsohon bugu yana nuna shimfiɗar launi ɗaya-ɗaya da ɗige-ɗigen da hannu ya yi, marasa tsari, kuma sau da yawa wani launi ya ɗan zame daga layinsa. Bugun baya-bayan nan kuwa ɗige ne na launuka huɗu a jere kamar saƙa, suna haɗa ƙananan da'irori. Wannan bai isa ya yanke hukunci shi kaɗai ba, don bugun ɗige ya daɗe da shigowa, amma gwangwanin da aka ce na 1895 ne ga ɗigen inji reras a fuskar ɗan wasa, an kama shi. A shekarun 1970 da 1980 an sake buga tsofaffin zane da yawa don masu marmarin da. Ba da niyyar cuta aka yi su ba, amma yanzu su ma sun tsufa, sun yi ɗan tsatsa, suna ruɗin sabon shiga.

Tsufa na gaskiya yana bin inda hannu ke taɓawa: inda babban yatsa ke tura murfi, kusurwoyin ƙasa, bakin da murfi ke gogawa. Tsatsar da aka haɗa da gangan takan bazu daidai ko'ina, launinta ruwan lemo mai haske, tana kuma kama yatsa. Ciki ma a duba. Kuza mai shekaru tana dusashewa ta yi toka-toka, ba ta ƙyalli kamar madubi. A haska tocila ta gefe, ba ta gaba ba: wurin da aka sake fentawa zai fito da ƙyalli daban ko sawun burushi. A kuma tabbata murfi da jiki 'yan gida ɗaya ne, don ana ɗaura murfin wani a jikin wani idan girmansu ya zo ɗaya. Launin gefe da yanayin dusashewa za su tona.

Game da farashi, kada a kula da kuɗin da ake nema a kasuwar intanet ta eBay, a duba nawa aka sayar. Manyan gwangwanayen kanti, masu ɗaukar nauyin fam 4 ko fam 7 na alewar tofi, wanda mai kanti ke farfasawa da 'yar guduma yana aunawa, sun fi shan wahala don an yi aiki da su kullum. A ra'ayina, gwangwani mai lotsawa ɗaya da hoto garau ya fi mai jiki sumul wanda rana ta cinye launinsa. Lotsawa ana iya juya ta bango. Launin da ya tafi ba ya dawowa. Mai son ganin yadda sahihai suke, gidan tarihi na Reading yana da ɗaruruwan gwangwanayen Huntley & Palmers, gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan ma yana da tarin masu yawa, kuma dukansu sun sa hotuna a intanet.

Tsaftacewa

Gwangwanayen da suka lalace a hannun masu son su ba su da iyaka, kuma yawanci a ranar farko ne, wajen wanki. Duk hoton nan bai kai kaurin takarda ba.

A fara da busasshen burushi mai laushi, irin na kwalliyar fuska, a share ƙura daga tsakiya zuwa gefe. Kada a goge da tsumma kafin wannan, don ƙura yashi ce, za ta karce man ƙyallin. Idan fenti yana ɓarewa ko ya yi bororo, a tsaya nan, kada a ƙara komai.

In fentin lafiya yake, a samu rabin kofi na tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota wanda ba asid a ciki, a ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun ruwa marar ƙarfi. A tsoma audugar goge kunne, a matse ta har ta zama danshi kawai. A gwada a baya ko ƙasa tukuna. In launi ya fito a audugar, a bari. In datti ne kawai, a ci gaba, ana mirgina audugar maimakon gogawa, wuri kamar faɗin kan yatsa biyu a lokaci guda, a bi da wata audugar mai ruwa zalla, a busar nan take da ƙyalle mai laushi. Ja da ruwan zinariya sun fi saurin narkewa, a bi su a hankali.

Ba a tsoma gwangwani a ruwa. Ruwa yana shiga naɗin gefe da mahaɗi da cikin hinji, inda tsumma ba ya kaiwa, bayan wata biyu tsatsa ta ɓullo daga can. Tina, fetur, ruwan goge farce, omo, bilic, man goge tagulla, soson waya da samfefa, ko ɗaya kada ya kusanci hoton. Manja ko man gyaɗa da wasu ke shafawa don ƙyalli yana daskarewa ya yi danƙo ya riƙe ƙura.

Ciki yakan kasance da sauran sukari da ya kama. Dole a cire shi, don sukari yana jawo danshi da tururuwa. A yi da auduga mai ɗan ɗumi, a busar, a bar murfin a buɗe kwana biyu a wuri mai iska.

Tsatsa iri uku ce. Ta sama, mai kama da garin barkono, a wurin da ba fenti: a ɗaga ta da tsinken katako, a share. Mai rarrafe a ƙarƙashin man ƙyalli kamar zare: ba a iya cire ta sai da hoton, abin yi kawai a hana ta danshi ta tsaya. Sai mai huda, wadda ta ci ƙarfen har haske na ratsawa, wannan ba magani. Abin da ya sa ɗan karce ke zama babbar matsala shi ne, da zarar kuza ta tsage danshi ya shiga, ƙarfen da ke ƙasa ne ke ciwuwa, kuma kasancewar kuzar a gefensa tana ƙara masa saurin ci a daidai wurin. Ruwan cire tsatsa na kanti yawanci yana da asid, yana cin kuza da fenti tare.

Bayan komai ya bushe sarai, a shafa kakin adana kayan tarihi irin Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950. Kamar ƙwayar wake ya ishi gwangwanin rabin fam. A shafa siriri, a jira 'yan mintoci, a goge da ƙyalle mai laushi. Shi ma a fara gwada shi a ƙasa.

Lotsawa a bar ta. Ƙarfen zai iya komawa, fentin da ya bushe shekara tamanin ba zai bi shi ba, tsagewa zai yi. Murfin da ya kafe kuma kada a sa masa wuƙa ko sukundireba. A riƙe da tafin hannu biyu, a riƙa matsa gefe kaɗan-kaɗan ana zagayawa. Murfi mai hinji kada a buɗe shi ya wuce tsaye, don harsunan hinjin naɗin ƙarfe ne siriri a kan waya, lanƙwasa kaɗan ke karya su.

Ajiya a irin yanayinmu

Kayan Ingila sun shigo ƙasar Hausa ta kantunan UAC da John Holt da makamantansu, kuma ana iya cin karo da tsofaffin gwangwanaye a adakar kakanni ko wajen 'yan gwangwan. Wanda aka samu a nan ko aka yi odarsa daga waje, matsalarsa ɗaya: damina da hunturu.

Ƙarfe yana fara tsatsa sosai idan danshin iska ya haura kashi 60 cikin 100, kuma a watan Agusta ɗakuna da yawa sun wuce haka. Abin nema shi ne ƙasa da kashi 45. A sayi ƙaramar na'urar auna danshi a sa a cikin kabad ɗin. Ga masu daraja, robar ajiya mai rufuwa ruf mai cin lita 20 zuwa 30, da giram 100 na ƙwayoyin tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, za ta yi. A sayi masu canza launi idan sun ƙoshi, a gasa su a digiri 120 na tsawon awa biyu su koma aiki. Kada ƙwayoyin su taɓa gwangwanin, a sa su a jakar yadi.

Da hunturu iska ta bushe, wannan alheri ne ga ƙarfe, amma ƙura tana sauka, in damina ta zo ƙurar ta tsotsi laima ta riƙe a kan fenti. Kabad mai gilashi ya fi buɗaɗɗen kanta nesa ba kusa ba. Hayaƙin turaren wuta da na kicin yana barin maiƙo mai rawaya a kan hoto, don haka a nisanta. Kafur ma kada a sa a akwati ɗaya da su. Sabon filawud da katakon da aka matse daga dusa suna fitar da tururin asid, a shimfiɗa gilashi ko a bar kabad ɗin ya sha iska watanni kafin a zuba kaya.

Rana kuwa ja take fara ci, sannan rawaya. Rigar ɗan wasa da aka buga ja sai ta koma ruwan hoda, filin ciyawa ya koma shuɗi-shuɗi don rawayar cikin koren ta gudu. Kada hasken taga ya sauka a kansu kai tsaye, ƙwan fitila kuma ya zama LED marar zafi.

Ba a ɗora gwangwani a kan gwangwani, naɗin ƙasan na sama yana zana da'ira a murfin na ƙasa. Gumin hannu yana da gishiri, a ɗauka da safar roba ko a goge sawun yatsa nan take. Kada a sa abinci a ciki, don wasu tsofaffin fenti da abin like suna da dalma. In za a aika da shi wani gari, a fara naɗe shi da farar takarda mai laushi marar asid, murfi daban jiki daban in suna rabuwa, sannan ledar kumfa a waje. Ledar kumfa in ta taɓa fenti kai tsaye a cikin zafin mota takan bar tambarin da'irorinta, jarida kuma tana barin tawada.

Kowane gwangwani a yi masa kati: tsawo da faɗi da zurfi a santimita, duk rubutun da ke jikinsa harafi da harafi, inda aka same shi, da hoton fuskokinsa shida. Katin a ajiye a ciki, ba a manna shi a jiki ba. A ƙarshen kowace damina a fito da hotunan a gwada da gwangwanin. Idan zaren tsatsa ya ƙara tsawo ko da milimita biyu ne, wurin ajiyar ya yi danshi, a canza shi kafin wata daminar.